Bargon da Kika Bari a Kan Keke

Zuwa ga hasken ɗakina, sanyin ƙirjina, inuwata da tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani. Zuwa ga Telata, abokiyar tsufana, wadda muryarta ta fi mini kukan tsuntsayen asuba daɗi, ko da faɗa take yi mini.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawan ganyen bishiyar ƙofar gidanmu, mai laushin tsohuwar rigar da ta sha wanki har ta saba da jikin mai ita. Na san likita ya hana ki karatu sai idon ya gama warkewa, don haka Auta ce za ta karanta miki wannan takarda. To Auta, saurara: ki karanta a hankali, kada ki tsallake layi, kada kuma ki yi dariya. Ubanki ya iya kalaman so tun ba a san za a haife ki ba. In kin zo inda kunya ta kama ki, ki sunkuyar da kai ki ci gaba.

Telata! Godiya ta tabbata ga Allah da aka cire miki yanar idon nan lafiya. Kin dai tuna yadda kika kore ni daga asibiti, idonki ɗaure da bandeji, kina cewa, “Gola, don Allah koma gida, zaryarka ta fi mini aikin ciwo.” Na bi umarni, na bar ki a hannun Auta ta wuce da ke gidanta, na dawo. Amma wane gida na dawo? Bango da rufi da agogo mai surutu! Ashe ƙarar keken ɗinkinki ce bugun zuciyar gidan nan ban sani ba? Da safe sai in kasa kunne ina jiran in ji kin taka feda, sai in ji shiru, shirun da ko cokali ya faɗi sai na razana.

Jiya Auta ta kira ni tana dariya, ta ce ido ya buɗe tar, har kin gano ƙura a kan fankarta, kin kuma ce wanda ya ɗinka mata labule ya karkata kalmasa. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Sai ta rage murya ta ce, “Amma Baba, tana nan a kan bakanta. Ta ce ta gama ɗinki, a ba wa wani keken.” Wannan maganar ce ta sa na nemo biro.

Ke da keke, ku rabu? Ta yaya? Bari in tuna miki ko wace ce ke, tunda kin fara mantawa.

Kin tuna ranar da na fara shiga shagon da kike aiki? Lokacin ina tuƙa bas, ina kuma tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon direbobi. Na yi tsalle na cafke ƙwallo, rigata ta yage daga hammata har ƙugu. Na shigo da ita a hannu, na same ki a bakin taga, tef ɗin awo a wuya, alli a hannu, rana na zuba a gefen fuskarki kamar zuma. Kika ɗaga rigar kika dube ta, kika dube ni, kika ce, “Ƙwallo kuka buga ko zaki kuka kama?” Wallahi daga nan ban ƙara fahimtar komai ba. Ba a daɗe ba na dawo da wata rigar a yage. Na sake dawowa da wata. Rannan kika shimfiɗa ta a kan tebur, kika bi yagewar da yatsa, kika ce ko ɗagowa ba ki yi ba, “Gola, wannan aikin almakashi ne. In magana ce da kai ka faɗa, ka bar rigunan nan su huta.” Shago ya kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma na ga gefen bakinki yana rawa, murmushi na neman hanyar fita kamar jinjirin wata a bayan gajimare. Tun daga ranar na zama Gola, ke kuma kika zama Telata.

Shekaru suka shuɗe, tumbi ya iso, rigunan tishat ɗina suka ƙi ni ɗaya bayan ɗaya. Na kasa zubar da ko guda. Na cusa su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, kina yi mini tsiya wai ina tara wa ɓeraye katifa. Sai gwiwa ta zo ta ajiye ni, na miƙa makullin bas na dawo gida na zauna. Ke kika ga yadda na koma: ba ci, ba hira, ina bakin ƙofa ina kallon motocin wasu na wucewa, ina jin kamar an goge ni daga duniya. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika ja ƙofar ɗakin ɗinki kika ce kada in kuskura in leƙo. Ina jiyo kukan almakashi, ina jin ƙamshin guga, keke na gudu yana tsayawa, yana gudu yana tsayawa.

Sai ranar da kika kira ni ciki. Ya rabin raina, me zan gani? Rayuwata ce shimfiɗe a kan gado! Ga lambar rigar ƙwallona a tsakiya. Ga rigar kamfanin bas mai tambari a ƙirji, wadda rana ta cinye mata kafaɗar da ke gefen taga. Ga farar nan mai ɗigon shuɗin fenti, ta ranar da muka shafe ɗakinmu na farko, muka fi bangon shan fentin. Ga wadda aka ba ni da na ba da jini. Ga mai sakakken wuya, domin a nan Auta take damƙewa da 'yan yatsunta in na saɓa ta a kafaɗa. Kin yanka kowace daidai da 'yar'uwarta, kin manna musu shafi a baya da dutsen guga don kada su miƙe, kin jera su a ƙasa kina sauya musu wuri har suka yarda da juna, kin sa auduga a tsakiya, kin ɗinke. Na zauna a bakin gado, ƙato da ni, na yi kuka kamar yaron da aka yaye. Kika dafa kafaɗata kika ce, “Ka gani? Ba a banza ka tsufa ba. Tashi ka ci abinci.” Na tashi na ci, har da neman ƙari.

Daga nan labari ya bi layinmu. Masu aurar da 'ya'ya suka kawo tsofaffin riguna, masu tura yara karatu nesa suka kawo. Amma wadda ba zan manta ba ita ce maƙwabciyarmu, bayan mijinta ya rasu. Ta shigo da buhun rigunansa rungume a ƙirji. Kika karɓa, kika yi mata tambaya ɗaya tak: “In wanke, ko in bar su haka?” Ta ce a bar su. Kika yi mata bargo, kika yi wa kowane ɗa nasa matashin kai, guntayen hannuwan rigunan kuma kika mai da su 'yan jakunkuna. Wa ya koya miki wannan tambayar, Telata? Wane shago ne ake koya wa mutum cewa ƙamshin wanda ya tafi ma abin adanawa ne? Kuma a ce wannan hannun ne zai zauna a cinya yana korar ƙuda?

Na san abin da ya karya miki zuciya, ina wurin. Yanar nan ta daɗe tana sauka a idonki a hankali kamar hayaƙi, har na zama mai zura miki zare a allura, ina taƙama da muƙamina. Da Auta ta sanar da mu tana da juna biyu, kika ciro rigunanta na yarinta, kika ce jikanmu zai kwanta a cikin ƙuruciyar uwarsa. Kika yi rabi. Rannan da hantsi kika ɗauko 'yar rawayar rigarta mai hoton tsuntsu, wadda sai an yi kokawa da ita kafin a cire mata a wanke. Kika sa almakashi inda kike zaton layin alli ne, ya bi ta tsakiyar tsuntsun. Kika shafa da yatsu kika gane. Ba ki yi ihu ba, da kin yi da ya fi mini sauƙi. Kika naɗe bargon kika ɗora a kan keke, kika lulluɓe su da zane, kika ce, “Gola, na gama. Yau rigar 'yata ce, gobe ta marayan wani. Ba zan iya ba.”

Haba sanyin idona! Ido ne ya yi laifin, an kuwa kai shi gaban likita an gyara masa zama. Me hannu ya yi? Ana sare bishiya don reshe ɗaya ya karye mata?

Yanzu ga labarin da ko Auta ba ta sani ba. Na yaye zanen. E, na taɓa kekenki, a yi mini afuwa. Na ce wa kaina, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana taka birki da totur, feda ɗaya ce za ta gagare shi? Na ɗauki tsumma don gwaji, na zauna, na taka. Keken ya yi baya. Na sake takawa, ya zabura kamar motar da birki ya tsinke wa, zare ya cukuikuye a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, kafin in ankara ya haɗa hannun rigata da tsumman ya ɗinke tsaf. Da hannu ɗaya na kasa kwance kaina. Haka na fita layi, tsumma na reto a hannuna, na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyar nan tamu ƙofa ta yanke mini shi. Ta yi dariya har ta zauna a bakin ƙofa tana share hawaye. 'Ya'yanta suka ce sun daɗe ba su ji irin wannan dariyar daga bakinta ba. Kin ga ko a ɓarna ma kekenki alheri yake yi.

Sai na bar keke ya huta, na ɗauki allura da hannu. Na zauna a bakin taga, na haɗa ɓarin tsuntsun biyu, na bi su a hankali, ina soke yatsa ina tsotsewa. Ya haɗu, Telata! Gaskiya fiffike ɗaya ya fi ɗaya hawa, tsuntsun ya zama kamar mai shirin shan kwana, ɗinkin kuma kamar sawun taya a cikin laka. Amma ya haɗu. A nan na tsaya, ba zan ƙara ko ɗinki ɗaya ba, sauran rabin naki ne. Na san ki: da kin ɗora ido a kan wannan ɗinkin hannunki zai fara ƙaiƙayi, ba za ki iya zama ba sai kin warware shi. To zo ki warware! Zo ki yi mini faɗa, ki ce na ɓata miki zare, ki kore ni daga kujerarki. Wallahi kewar faɗanki ta fi kewar hirar kowa damuna. In kuma kin ga dama ki bar shi haka, in jikan ya girma ya tambaya, ki ce masa aikin kakansa ne, don ya san da wa yake takara a wurinki.

Na sa wa keken mai, na goge shi, na matsar da shi daf da taga inda haske ya fi zuba. Zan ja miki layin alli, zan riƙe miki bakin yadi, zan share guntayen zare ba tare da kin ce ba. Ba zan matsa miki ba, na yi alkawari. In kin dawo, kin zauna a gabansa, kin dube shi da sabon idonki, kika ce har zuciya kin gama, ni da kaina zan ɗauke shi in kai inda kika ce, kuma ba za ki ragu a wurina da ko ƙwayar zarra ba. Roƙona ɗaya: kada ki yanke wannan hukunci daga nesa, da tsoron tsohon ido.

Saura magana ɗaya. Auta, rage murya.

Ni ma ina da nawa tsoron. Shekarun nan da hayaƙi ke idonki, Allah kaɗai ya san wane saurayi kike gani in kin dube ni. Ranar da likita zai ba ki izinin dawowa gida zan zo ɗaukarki, to ki shirya. Wani tsoho za ki gani a bakin ƙofa, furfura ta cinye masa gemu, goshi ya tattare, haƙori ɗaya ya yi ritaya, yana ɗingishi, yana ta gyara hula kamar mai zuwa neman aiki. Kada ki tambayi Auta ko wane ne. Ni ne. Ki dube ni da kyau, ki ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, zan tsaya cik ba zan kau da kai ba. In kin ga ban yi miki ba, sai dai ki yi haƙuri, lokacin mayar da kaya ya wuce tun tuni.

Naki ne jiya, naki ne yau, naki ne har ranar da numfashi zai yi mini sallama, kuma ina roƙon Allah ya sa ko a can ke zan fara gani.

Golanki.