Dinyoyin da Na Kora

Zuwa ga Tjitske, fitilar bakin tekuna, ɗumin ɗakina, uwar Wiebe, mai haƙurin zama da wawa,

Da manyan baƙaƙe na rubuta, don kada ki ba yayarki ta karanta miki, ta samu abin dariya na shekara. Kuskuren rubutu kuwa ki yafe. Kin san ni da makaranta tun da wuri muka yi rabuwar arziki.

Ke ce ruwan teku mai janyewa ya dawo, ni ne taɓon da ke kwance yana jira. Ke ce ranar da ke ɓullowa bayan mako guda ana yayyafi. Tun da kika tafi birni ganin likitan ido, gidan nan ya zama fadama ba tsuntsu, sai ni da yaro da ƙonannen dankali.

Asabar ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Mu uku muka bi ganuwar da ke tare ruwan teku a kan kekuna, muka shiga bukkar katakon da ake leƙen tsuntsaye, inda ko tari ya zo wa mutum haɗiye shi yake yi. Ga dinyoyi dubbai sun sauka daf da taga, suna kiwo kafin su koma arewa. Kusa sosai, irin kusan da idonki ke iya kamawa. Kina murɗa madubin hangen nesa a hankali. Sai Wiebe ya soma hamma. Ni kuma, uban kirki, na zura kai ta taga na yi kukan dinya. Yaro ya kece da dariya, fadama ta tashi sama gaba ɗaya. Dattijon da ke gefenmu ya dube ni kamar na yi tusa a coci. Kika ajiye madubin, kika zuba mini kofi, kika miƙo burodi da cuku. Da marina kika yi, da ya fi mini sauƙi.

Na san abin da likita ya faɗa tun kafin ranar: ƙila baɗi sai dai ki ji kukan dinyoyin. Da sanina na hau keken nan. To ina hankalina ya tafi? Wane irin miji ne ke musayar kallon matarsa, wataƙila na ƙarshe, da dariyar yaro?

Ba su tafi ba tukuna, zuciyata. Kullum in na tashi aiki sai in je in duba, in zauna tsit. Har dattijon ya fara matsa mini wuri a benci. Amma iska ta soma busowa daga kudu, su kuwa ba sa jiran kowa. Ki dawo Lahadi. Wiebe zai wuni gun kakarsa. Ki zauna a bakin taga har ki ƙoshi da kallo, ko sanyi zai ƙarar da ni a bayanki.

Ba ni da ikon tsayar da dinya, ba ni da ikon tsayar da duhun da ke tafe miki. Hannunki dai zan iya riƙewa, bana da baɗi, a kan ganuwa da ko'ina.

Naki, har ƙasa ta rufe ni,
Sjoerd