Katantanwar Alhaji da Ɗan Goyona

Zuwa ga Alhaji mai zauren kayan teku a Batsari,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban girma, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Hansai, matar maƙerin Wagini, wadda ka kira ɓarauniya a tsakiyar kasuwa. Limaminmu ke rubuta mini, kuma na roƙi a karanta a bainar jama'a, inda aka ɓata ni.

Na farko. Ran Alhamis na hau jaki na zo ganin abin da ka kwaso daga Bahar Maliya a hanyar hajji. Na ga filafilin jirgi, da igiya mai kaurin cinya, da muƙamuƙin kifin da akuya za ta shige. Ka ce kada a taɓa komai, na kuwa naɗe hannuwana a ƙirji har na fita.

Na biyu. Dokarka ta tsaya a kan masu kallon gaba. Ka manta mai goyo hannu huɗu gare ta, biyu a baya suke, kuma ba sa jin magana. Babbar katantanwar tekun nan ka aje ta a alkuki, daidai kafaɗata. Yaron, ɗan fari ne ba zan faɗi sunansa ba, ya sure ta ya cusa cikin zane. Wallahi sai a Wagini na gan ta, da na kwance goyo.

Na uku. Wata bakwai yaron nan yana kuka, mun yi rubutu mun yi jiƙo, duk a banza. Yanzu da an kara masa ita a kunne ya ji shuuu ɗin ruwa, sai barci. Maƙwabta har sun zo barka.

Amma maganarka ta yi mini ciwo, Alhaji. Matan ƙauye sun fara janye ƙorensu idan na iso rijiya, ni da ko tsinke ban taɓa ɗauka ba.

Roƙona biyu. Ka sa mai shela ya wanke sunana ran kasuwa. Sannan ka bar mana ita aro zuwa yaye. In kuwa ba ka iya jira, bismillah, ka zo da kanka ka ɓamɓare ta daga hannunsa. Sai dai ka taho da zanen goyo, don ni ba zan yi wannan rarrashin ba.

Allah ya ƙara girma, ya maimaita maka hajji.

Wassalam.