Kwaɗon Ɗakinka da Bangon Mero

Ƙofar Marusa, Katsina
Talata, 15 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Baffa Salihu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubuta wannan takarda da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a kan benci a ƙofar ɗakin yara na asibiti, inda aka kwantar da Mero ɗiyar Yaya Ismail tun ranar Alhamis. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya da iyali, ya Fatakwal, ya kasuwa, ya ruwan sama na wajenku? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan da godiya. Ni ina gida ina jiran kiran hidimar ƙasa. Da hannu na rubuto, zan ba Ado direba ya kawo maka, saboda tun ranar Lahadi ka daina ɗaukar wayar kowa a gidan nan, har da tawa.

Zan faɗi abin da na gani da idona kawai. Ka san Mero tana da sikila. Wannan karon ciwon a ƙirji ya kama ta, har sai da aka yi mata ƙarin jini. Likita ya tambayi mahaifiyarta Safara'u inda yarinyar take kwana, da ta kwatanta mashi, ya ce kada a kuskura a mayar da ita ɗaki mai danshi. Ɗakinta na gida kuwa bangonsa na gabas jiƙe yake tun farkon damina, ya yi baƙi da fumfuna, in ka dafa shi sanyi za ka ji har gwiwar hannu.

Mutanen da ka kira 'yan bara a waya ba bara suka zo yi ba. Magina ne da kafintoci na cikin gari, shugabansu Malam Dabo na Ƙofar Kwaya, wanda shi ma sikila ta ɗauke mashi ɗa. Duk Asabar suna ajiye aikinsu su je gidan da ke da yaro mai jinya su gyara ɗakinsa kyauta. Babu wanda ya roƙe su, wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba su sunanmu. Ba su ɗauki hoton kowa ba, na tsaya a wurin tun zuwansu har tafiyarsu. Ko tuwon da Safara'u ta aiko a yi masu, Malam Dabo cewa ya yi gidan da ke jinya ba ya ciyar da 'yan gayya, aka raba wa yaran maƙwabta. Sun canza kwanon rufin da ya ruɓe, sun kankare bango, amma da suka zo yaɓe sai suka tsaya, domin ruwan ba daga rufin Yaya yake zuwa ba.

Daga ɗakinka yake zuwa, Baffa. Soron da ka sa wa kwaɗo tun bayan rasuwar Alhaji kakanmu, wanda bango ɗaya ya haɗa shi da ɗakin Mero. Ba ji na yi ba, ni na hau tsani, duk da ka san ni da tsoron sama. Indararon ya toshe da ƙasa har ciyawa ta fito, rufin ya lotsa ta kusurwar yamma, ruwa yana taruwa ya sauka ta cikin bangon. Malam Dabo ya ce indararon ana iya buɗe shi ta waje, kuma sun buɗe, amma azarar da ta karye sai an tokare ta ta ciki. Ya ce in suka yi siminti a haka, wata guda ba zai yi ba zai zubo, kuma yana tsoron wata rana bangon ne zai biyo baya.

Da Yaya ya kira ka, ina gefensa, kuma wayar a buɗe take, ina jin muryarka. Ka ce duk wanda ya taɓa kwaɗon nan ya taɓa zumunci. Ka ce ka san dabarar, yau a buɗe da sunan gyara, gobe a sa katifa, jibi a ce ɗakin na mai gyara ne tunda ba a raba gado ba. Ka ce mun tara baƙi suna kallon tsiraicin gidan Alhaji. A duk maganar nan ba ka tambayi jikin Mero ba. Na jira in ji, ban ji ba. Yaya ya ajiye waya ya fita zaure, bai ci abinci ba ranar.

Na san ana yin abin da kake tsoro a gidajen gado na garin nan, ban ce ƙarya ka yi ba. Amma babu mai son ɗakinka. Ɗakin da jemagu suka riga kowa shiga, wa zai yi ƙwace a kansa? Kuma in tsiraicin gida ake magana, ba Malam Dabo ya tona shi ba. Duk unguwa ta san 'yar jikan Alhaji tana kwana a jikin jiƙaƙƙen bango, ɗan Alhaji kuma yana riƙe da makulli a Fatakwal. Ka yi haƙuri da lafazina, na goge wannan layin na sake rubuta shi, ban sami mai laushin da yake gaskiya ba.

Masu aikin za su dawo Asabar, 26 ga wata, kuma shi ne zuwan ƙarshe, don akwai wani yaro a Batagarawa da ke jiransu. Ka ba Ado makullin, ko ka kira ka ce a buɗe. In ba ka yi ko ɗaya ba, ni Mahmud zan fasa kwaɗon da hannuna, a gaban mai unguwa da liman. Ba za a fitar da ko tsinke ba. In an gama zan sa sabon kwaɗo in aiko maka da makullansa duka. Na faɗa maka tun yanzu don ka san inda za ka kai fushinka. Ba Yaya ba ne, bai ma san na rubuto ba.

Ka gaishe mani da Inna Safiya, da Maryam, da Sagir.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu su ne: ko azarar za ta kai ranar 26 in aka yi ruwa mai ƙarfi, ko za a sallami Mero kafin nan, da inda za mu kwantar da ita in an sallame ta, ko ɓarnar da ke ciki ta fi wadda na gani ta sama, ko za ka karanta takardar nan har ƙarshe. Ban kuma sani ba ko bayan ranar za ka ci gaba da kirana ɗanka. Wannan na ƙarshen yana hannunka, kamar makullin.

Ɗan yayanka,
Mahmud