Ambulan Ba Ganye

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aiki.

Jiya likita ya kwance wa Baba bandeji. Aikin idon bai yi ba, idanun sun tafi ke nan. Ni ce na yi ta kuka a barandar asibiti, shi kuwa ko gezau. Cewa ya yi a mai da shi gida kawai, wai a lambun marigayiya Mama ba ya bukatar ido. Ya lissafa mini: taku bakwai daga ƙofar baya ɗoɗɗoya za ta shafi ƙafarsa, ya bi ƙamshin nobe zuwa famfo, ya durƙusa ya tono kajiji ya murza. Yana faɗa yana murmushi, rabon da in ga haka tun rasuwarta.

Ƙarshen wata muna tafe. Shuke-shuken lambun ruwa kawai za ka ba su, na san ka da karambani. Kuma ka sako ganyen ɗoɗɗoya a amsarka, yadda Mama ke yi wa kowace wasiƙa.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Sau huɗu ina yaga wannan takarda. Yaya, lambun babu shi. Da kuka tafi na sa a raina Baba zai dawo yana gani, na ce bari ya buɗe ido a kan abu mai kyau. Na dubi wurin, ni dai ciyayi na gani birjik, irin na bakin hanya. Na nome su, na fesa magani, na zuba siminti daga ƙofa zuwa famfo, na jera furanni jajaye daga wurin masu sayarwa. Yau na duƙa na shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Ba su da ƙamshin komai.

Ban san Mama da hannunta ta riƙa ɗebo ciyayin nan daga daji shekara talatin ba, sai da maƙwabciyarmu ta leƙo ta riƙe baki. Don Allah kada ki gaya masa. Ki ja mini wata biyu, zan nemo wasu in dasa.

Naki cikin nadama,
Auta

Auta,

Ina gaishe ka, ko da yake raina a ɓace yake.

Wa za ka yi wa wayo? Mutumin da ke gane kowane tushe da ɗan yatsa? Ban ma samu damar yin ƙaryar ba. Ina shigowa da wasiƙarka ya miƙo hannu ya ce, “Ba ni ambulan tukuna.” Ya kai hanci, ya juya, ya zazzage a tafinsa. Ya daɗe hannun a buɗe. Sannan ya ce, “Karanta, kuma kada ki tsallake ko layi ɗaya.”

Na karanta. Kwana biyu bai nemi a fitar da shi ko ƙofa ba. Na so in wanke ka tas, amma na tuna ni ma ban taɓa tambayar Mama sunan ko tsiro guda ba. Yau ya ce in ɗauko biro. Tasa na ƙasa.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ka daina yaga takarda, ban riƙe ka ba. Don ni ka yi.

Kada ka fasa simintin, kada ka tuge furanninka. Amma ba zan dawo ba. A nan, in na zauna shiru, komai yana wurinsa, uwarku ma tana bakin famfo. In na taka siminti a taku na bakwai, ranar zan binne ta da gaske.

An ce jajaye ne. Ka riƙa ba su ruwa da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka