Ranar da Yaya Batula Ta Ciro "Oui"

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yaya Batula ta kai final ɗin gasar iya magana! A Paris za a yi. Ƙungiyar unguwarmu ta Saint-Fons, nan gefen Lyon, ce ta kai sunanta, ba lise ba, sakandaren da doka ta hana hijabi a ciki, don haka da hijabinta za ta hau. Na yi ta tsalle a kicin har Mama ta ce ko aljanu ne suka tashi.

Ni da ko présente, "ina nan", ba na iya cewa da ƙarfi in ana kiran suna a aji.

Alhamis, 16 ga Janairu

An ja ƙuri'a. Tambayar: ya kamata a hana hijabi a wuraren jama'a? Ba kai ke zaɓen ɓangarenka ba, takarda ake cirowa cikin hula. Yaya ta ciro oui, wato "e, a hana".

Yaya fa. Wadda kullum take tuɓe nata a ƙofar lise, ta naɗe shi a jaka a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Baba ya dawo daga usine, masana'antar da yake aiki, ko takalmi bai cire ba aka gaya masa. Ya ce, "Ki ce ba ki da lafiya. Da wane ido zan kalli mutanen masallaci, 'yata ta tsaya gaban Turawa tana cewa a hana?" Ta ce, "Baba, ƙaryar ciwo ta fi?" Ya tashi ya shige ɗaki. Bai ci tuwon ba ma.

Asabar, 18 ga Janairu

Wanda za ta kara da shi sunansa Mathis, ɗan Paris. Na ga hotonsa. Gashi ya rufe ido ɗaya. A littafin da nake karantawa haka ake farawa, da faɗa, sai a ƙarshe... Na gaya wa Yaya, ta jefe ni da matashi. "Hamdiya, sérieux? Da gaske? Kunnuwansa kika gani?"

Talata, 21 ga Janairu

Yaya ta sa ni in zama Mathis don ta gwada. Na tsaya bayan teburin guga, na ce kowa da 'yancinsa, sai muryata ta maƙale. Ta ce, "Ƙara. Ki yi mini duka na gaske, ba shafa ba."

Na tambaye ta yadda za ta faɗi abin da ba ta yarda da shi ba. Ta ce ba za ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Za ta nemo gaskiyar da ke wancan ɓangaren ne, ko ƙarama ce. Na daɗe ina kallonta. Ko kwalli ba ta sa ba, kuma ta fi duk matan da ke bangon littattafaina kyau.

Juma'a, 24 ga Janairu

Baba har yanzu gaisuwa kawai.

Alhamis, 30 ga Janairu

Baba ya ce in raka Yaya. Da Mama ya yi maganar, ba da mu ba. Gidan Kawu Isufu za mu sauka a Bobigny.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, cikin jirgin ƙasa, komawa Lyon

Jirgin na rawa, rubutuna ma haka.

Kawu ya taso daga aikin dare a kasuwar Rungis bai runtsa ba, ya sa babbar riga ya zo. Yana ta gyangyaɗi har aka kira sunanta.

Da ta hau da hijabinta ruwan toka ta ce oui, wasu suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Ba ta murmusa ba. Ta ba da labarin wata yarinya, ba suna, wadda wanta ke jiranta a tashar bas kowace yamma don ya ga ko ta rufe kai. Ta ce yarinyar nan ba ta da inda za ta kai kuka a gida, in doka ba ta tsaya mata ba wa zai tsaya? Na san yarinyar. A benenmu take. Ban taɓa tunanin Yaya ta lura ba.

Mathis ya kare hijabi da zafi har ya yi ja. Ya ce kakarsa ba ta fita sai da gicciye a wuya, kuma ba wanda ya taɓa aiko ɗan sanda ya cece ta. Ya yi ƙoƙari. Kunnuwan dai gaskiyar Yaya ce.

Wata alƙaliya ta tambaye ta, "Kin yarda da abin da kika faɗa?" Ta ce, "Na yarda yarinyar tana nan, Madame. Ko cire nawa zai cece ta, wannan ku tambaye ni in na sauka."

Ta zo ta biyu. Kawu ya yi ta tafi shi kaɗai bayan kowa ya daina.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Bidiyon ya zagaya WhatsApp, amma rabinsa kawai, wurin oui ɗin. Baba ya kalli cikakken a wayata. Ya miƙo mini ita ya ce, "Tana saurin magana." Da safe na ga ya cika mata flas da shayi ya ajiye kusa da jakarta.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Suna a gidan Tanti Mariam, ƙawar Mama. Ina lungu da littafina kamar kullum, Yaya na kicin. Wata Hajiya da ban san sunanta ba ta ce ga abin da boko ke jawowa, yarinya ta sayar da addininta don tafin Turawa. Mata suka ce uhm. Mama ta sunkuyar da kai.

Sai na ji wata tana cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri, rabi kika gani. Bari in nuna miki sauran." Kowa ya juyo. Ashe ni ce.

Ta kalla har ƙarshe, ta ce to, Allah ya shirya. Ba ta janye maganarta ba, na sani.

Ban gaya wa Yaya ba. Ba wani abu ba ne ai, waya kawai na miƙa. Sai dai muryar ba ta maƙale ba.