Baba da Ƙoƙunan Kan Damisa

Zuwa ga Yayana Baltazar,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Coimbra, nan ƙasar Portugal. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Jurema da yara, ya kuma tsare ka a dazukan Brazil da kake bin sawun jaguwa, 'yar'uwar damisa ta can yankin. Mu nan lafiya ƙalau. Inna Graciete, ƙanwar Mama, ta gama tsinkar zaitun, sai dai gwiwa ta hana ta zuwa coci.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Rufin gidan tarihin da ya yi aiki ya yi yoyo, ruwa ya wanke rubutun da ke jikin ƙoƙunan kan damisa da na jaguwa, waɗanda ya ƙare rayuwarsa yana aunawa. Yanzu ba a san na daji ba, ba a san waɗanda suka mutu a keji ba, kuma in ba a tantance ba, duk gwajin da ya yi ya tashi a banza. Shugabar sashen, tsohuwar ɗalibarsa ce, ta roƙe ni in kawo shi ko zai tuna, duk da ciwon mantuwar da ke damunsa.

Na kai shi, Yaya. Yana ɗaukar ƙoƙon farko ya shafa shi da babban yatsa, ya ce jaguwa ce, mu dubi faɗin muƙamuƙi, ko ƙaton namijin damisar Iran da wuya ya kai haka. Har ya tsokane mu, wai ni ce damisa, siririya ga masifa, kai kuma jaguwa, gajere da ƙaton kai. Muka yi ta dariya, na ce a raina Baba ya dawo. Sai shugabar ta tambaye shi daga wane daji aka kawo ƙoƙon. Ya daɗe yana jujjuya shi, can ya juyo ya tambaye ni cikin ladabi ko ni ce sabuwar sakatariya, in taimaka in kira masa matarsa. Na rasa bakin da zan sake gaya masa Mama ta rasu.

Likita ya ce ba abin da za a ƙara. Ban san me zan roƙe ka ba, in ka samu hali dai ka zo.

Ka gaida Jurema, da Caetano, da ƙaramar Iara. Inna Graciete na gaishe ku. Na so in ce Baba ma yana gaisuwa, amma da na ambaci sunanka, cewa ya yi suna ne mai daɗi.

Ƙanwarka,
Ermelinda