Na ce wa Mama babu cuta a lambunmu

Salama a gare ku, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Ina roƙo kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, in ma kun zage ni daga baya, ba za ku faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba.

Ni mace ce, ina zaune a Unguwar Boro da mijina da yara biyu. Ina aiki a wani wurin shaƙatawa wajen Kakau, a bakin hanyar Abuja. Akwai ɗakunan kwana, da zauren biki, da wani lambu da aka jera tsofaffin tayoyi aka yi musu fenti aka shuka furanni a ciki, nan kowa ke tsayawa ɗaukar hoto. Ni ce a teburin karɓar baƙi, ni ke ɗaga waya, ni ke rubutu a shafinmu na intanet. Mai wurin kuwa Ciyaman muke ce masa. Irin mutanen nan ne da ke zama a kujerar gaba a coci, in aka sa waƙa muryarsu ta danne ta kowa.

Ƙarshen damina ma'aikata suka fara kwanciya. Mai girkinmu ce ta fara, sai masu shara biyu, sai mai ba furanni ruwa. Zazzaɓi mai zafi, ciwo a bayan ido, gaɓoɓi kamar an daddake su. Suka sha maganin maleriya, shiru. Da dasashin mai girki ya fara jini aka kai ta babban asibiti, aka gwada, aka ce dengi ne. Ban taɓa jin sunan ba. Bayan kwana biyu wani dattijo duba-gari ya zo a kan babur. Bai ko kalli zauren biki ba, lambu ya nufa, ya karkata taya ɗaya, ruwa ya zubo da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Ya ce, "Madam, wannan sauron da rana yake cizo, gidan sauro ba ya tare shi. A kwashe tayoyin nan, a yi feshi, a rufe wurin sati biyu. Duk wanda ya zo nan kwanan nan a sanar da shi, don in ya yi zazzaɓi ya gaya wa likita." Ya rubuta haka a takarda, ni na sa hannu na karɓa.

Ciyaman a cikin mota ya karanta takardar, gilas a sauke rabi. Ya miƙo mini ita kamar tana wari. "Ke, kin san sati nawa ya rage Kirsimeti? Shekara nawa muka yi muna roƙon mutane su dawo bin hanyar nan? Yanzu da suka fara zuwa sai in ce musu su gudu saboda sauro? Wa ya taɓa rufe otal don sauro a ƙasar nan?" Na ce, "Oga, ko tayoyin ne a cire." Ya ce tayoyin su ne hoton wurin. Ku ji fa. Tayoyi! Washegari aka ƙara musu fenti.

A satin nan ya tara 'yan'uwansa masu otal-otal da wuraren biki a zaurenmu, ni na kai musu farfesu. Manyan mutane, manyan riguna, kowa da tumbinsa. Suka yi ta maganar sunan Kaduna, da yadda ake ɓata mata suna, da matasan da suke ba aiki, har ɗaya ya kusa hawaye don ƙaunar jiha. Suka tsayar da cewa kada wanda ya ambaci sunan cutar sai bayan sabuwar shekara. Ana cikin haka wani sauro ya gifta, sai ga mai hawayen nan ya zabura yana kakkaɓe riga yana cewa a rufe ƙofa. Daga ranar jikokin Ciyaman ba su sake taka wurin ba, su da kowace Asabar suna nan suna guje-guje. Shi kansa ya koma sa riga mai dogon hannu da safa cikin zafin nan. Jikinsa yana da daraja, na sauran mutane kuwa ko oho.

Amma ba laifinsu na zo faɗa ba, nawa ne. Wata safiya waya ta yi ƙara. Wata dattijuwa ce, shugabar zumuntar mata ta wani coci a Kudenda, sun kama wuri don taron addu'a na kwana uku. Ta ce, "'Yata, na ji ƙishin-ƙishin wai akwai wani zazzaɓi a wurinku. A cikinmu akwai tsofaffi, akwai masu ciki. Ki gaya mini gaskiya kamar ni na haife ki." Takardar duba-gari tana cikin durowa, gwiwata tana taɓa durowar. Ciyaman ba ya nan. Ba wanda ya tsaya a kaina, ba wanda ya ce in ban yi ƙarya ba zai kore ni. Kun san abin da na ce? Na yi 'yar dariyar nan da nake yi wa baƙi, na ce, "Haba Mama, 'yan baƙin ciki ne kawai. Ku zo, kamar gida ne." Ta ce, "To, Ubangiji ya yi miki albarka." Na ce amin. Har amin na ce! Wace irin mace ce ke karɓar albarka a kan ƙarya ba ta ko sarƙe ba?

Suka zo da zannuwansu iri ɗaya. Kowace safiya a lambu suke zama, gefen tayoyin, suna waƙa suna kashe sauro a ƙafa. Ni na ɗauke su hoto, ni na sa a shafinmu, har na rubuta cewa nan ne wurin hutun rai. Sati ɗaya da komawarsu wasu suka kwanta. A cikinsu akwai surukar Mama, matar ɗanta, da cikin wata bakwai. Aka ɗauka maleriya ce, aka yi ta sayen magani a kemis, har da na ciwon jiki, wanda daga baya na ji yana ƙara zubar jini ga mai dengi. Kafin a kai ta asibiti abin ya yi nisa. Ta tafi, cikin ma bai tsira ba. Da na buɗe baki ranar, ko ba su fasa zuwa ba, ai da tun ranar farko sun san abin da za su gaya wa likita.

Ciyaman, mai tausayi, ya aika da shinkafa da lemo gidan makoki, ya ce a tabbatar an faɗi daga inda suka fito. Ni ya aika. Na durƙusa gaban Mama ina gaisuwa, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce mai muryar nan a waya? 'Yata, wasu suna cewa a wurinku aka ɗauko ciwon. Na ce musu su daina, ni da bakina na tambayi yarinyar, ta ce babu." Ɗanta yana zaune a gefe yana kallon bango. Na zare hannuna na fita.

Na gaya wa mijina komai. Tun da aka sallame shi daga kamfani a Kudenda aikina ne ke riƙe da gidan. Ya ce, "Maman yara, ke ce gwamnati? Duba-garin ma ai an ce masa ya dakata sai bayan biki. In kika tona aka rufe wurin, ma'aikatan nan duka su ci me? Wadda ta mutu za ta dawo ne?" Na kalle shi na ji ya faɗi a idona, sai na tuna ni ce ta ƙarshe da ke da bakin raina wani.

Tayoyin suna nan, ana ba su ruwa kullum. Shekaranjiya wani mai gadi ya kwanta da irin zazzaɓin. Sati mai zuwa wata makarantar firamare za ta kawo ɗalibai bikin ƙarshen shekara, da rana tsaka, a lambu. Hedimasta ya kira sau biyu yau, ina kallon wayar har ta katse. Na ɗauki hoton takardar duba-gari, yana cikin wayata. In tura wa hedimastan? In watsa a shafinmu kowa ya gani, in tattara jakata? Ko in fara zuwa Kudenda in durƙusa gaban matar da har yau take kare ni a gaban mutane, in gaya mata yarinyar da ta tambaya maƙaryaciya ce?

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?